Shamuwa da hasashen Yamai: wa manomin Dungas zai saurara?

A ƙauyukan Dungas, kudancin jihar Damagaram, babu cacar da ta kai ta ruwan farko. Manomi ya zuba irin gero, sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin, iri ya mutu a ƙasa, ga rumbu ya riga ya yi ƙasa. In kuwa ya yi jinkiri, damina ta ƙare hatsi bai nuna ba.

Tun kaka da kakanni, dattawa na da alamomin da suke dubawa: isowar shamuwa, juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma, tururuwa na kwashe ƙwai, da gawo ya fara zubar da ganye. Alamomin nan suna nuna damina ta ƙarato, amma ba sa faɗin yawan ruwan da za a samu, ko tsawon farin da zai biyo bayan shuka.

Wannan giɓin ne cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da hukumar yanayi ta ƙasa ke ƙoƙarin cikewa da hasashen damina na kowace shekara. A Afrilun 2024 masana sun yi gargaɗin cewa ruwa zai fi na kullum a Sahel. Haka kuwa aka yi: ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe a watan Satumba. Sai dai hasashen yana magana ne a kan yanki mai faɗin gaske, kuma da Faransanci ake fara fitar da shi. Bai san fadamar da ke fara cika a Guci ba, ko hanyar da ruwa ke bi a Malawa. Mutanen gari ne suka san wannan.

Nijar na da inda za a haɗa biyun. Kwamitocin gargaɗi na ƙauyuka, da ake kira SCAP-RU, suna tattara bayani kan farashin hatsi, lafiyar dabbobi, kwari da halin rijiyoyi, su miƙa wa ƙaramar hukuma. Raunin tsarin sananne ne: kwamitoci da dama kan yi sanyi da zarar aikin ƙungiyar da ta kafa su ya ƙare.

Duk mai ganin sanin manomi camfi ne, ya dubi gawo. Bayan yunwar 1984, manoman Magarya, Matamaye da Mirya suka riƙa barin tsiron itace a gona maimakon sarewa. Binciken Mahamane Larwanou da Chris Reij na 2006 ya ƙiyasta kimanin hekta miliyan ɗaya da ta sake yin itatuwa a gundumomin uku, a lokacin Dungas tana ƙarƙashin Magarya, kafin ta zama gunduma a 2011. Gawo yana ƙara wa ƙasa taki, yana kare shuka daga yashin da iska ke kwasowa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Masana sun zo ne suka auna abin da manomi ya riga ya yi.

'Yan Dungas da ke ci-rani a Kano, Legas ko Agadas su ne ke da waya mai intanet, kuma galibi su ke aiko kuɗin iri. Hasashen kan fito ne a ƙarshen Afrilu, makonni kaɗan kafin a fara shuka, lokacin da saƙon murya ɗaya da Hausa zai iya isa gida kafin a buɗe buhun iri.