Windows da Linux a Kan Tsohuwar Kwamfuta Ɗaya

Muna jawo hankalin malaman makarantu da masu shagunan buga takardu a Anka, Gummi da Bukkuyum cewa Microsoft ya janye kulawarsa ta yau da kullum daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Wannan bai isa a jingine tsohuwar kwamfuta ba. Ana iya raba ma'ajiyarta biyu, Windows ya riƙe ɓangare guda, a girka Lubuntu, wanda ba ya nauyaya na'ura, a ɗayan. Wajen kunnawa sai a zaɓi wanda za a shiga. A ganinmu, shiga intanet ta Lubuntu ya fi aminci. Sai dai kafin rabon a kwafe muhimman takardu a filasha, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar aikin tana iya salwantar da su baki ɗaya.