Abin da Ke Faruwa Cikin Maƙogwaro Idan Mai Magana Ya Koma Waƙa

Sau da yawa mukan ji mutum yana hira da murya irin ta kowa, amma da zarar ya ɗauki waƙa sai a rantse wani ne daban. Wasu sukan ce baiwa ce kurum. Baiwar tana nan, amma masana ilmin murya sun gano cewa mawaƙi yakan sāke fasalin hanyar da murya take bi, tun daga maƙogwaro har zuwa leɓɓa, ko ya sani ko bai sani ba.

Bari mu fara da inda murya take fitowa. Cikin maƙogwaro, bayan zakaran wuya, akwai wasu tantani guda biyu. Idan iska ta taso daga huhu sai ta riƙa kaɗa su, suna buɗewa suna rufewa. Ga namiji baligi mai magana sukan kaɗa kamar sau 120 cikin sakan ɗaya, ga mace kuwa kamar sau 200. To, amma sautin da suke bayarwa siriri ne, ba shi da daɗin ji, kamar tsirkiyar garaya ce da ba a ɗaura ta a ƙoƙo ba. Ƙoƙon muryar ɗan Adam shi ne sararin da ke tsakanin tantanin nan da leɓɓa, wanda tsawonsa ya kai kimanin santimita 17 ga namiji, na mace bai kai haka ba. Bambancinsa da ƙoƙon garaya shi ne, wannan yana motsi. Harshe, muƙamuƙi, leɓɓa da hanɗa, wato naman nan mai taushi da ke can ƙarshen rufin baki, kowanne yana iya faɗaɗa shi ko ya matse shi.

A wajen magana, bukata ita ce a fahimci kalma. Saboda haka harshe ba ya zama wuri ɗaya, gaɓoɓi huɗu ko biyar sukan wuce cikin sakan guda, baki ba ya buɗewa sosai, zakaran wuya kuma yana ɗan hawa yana sauka. A wajen waƙa kuwa, sai an riƙe wasali an ja shi, an kuma kai shi nesa. Nan ne gyaran yake farawa.

Wanda ya fara leƙa wannan wuri yana aiki shi ne wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuel Garcia. A 1854 ya sa ɗan madubi irin na likitan haƙori cikin bakinsa, ya haska da hasken rana, ya ga tantanin nasa suna motsi. Bayan shekara 120, wato a 1974, wani masani a birnin Istokhom na Suwidin, Johan Sundberg, ya bayyana sirrin mazan da suke waƙar opera a Turai, waɗanda ake jin muryarsu ta keta ƙarar makaɗa masu yawa ba tare da lasifika ba. Ya nuna cewa sukan saukar da zakaran wuya ƙasa, su faɗaɗa ramin maƙogwaron da ke bisansa. Yin haka yakan ƙarfafa wani sashe na sautin, wanda kaɗawarsa take wajen sau 3,000 cikin sakan. Ƙarar kayan kiɗan ta fi taruwa can ƙasa, wajen 500, kunnen mutum kuwa ya fi saurin kama sautin da ke kusa da 3,000. Ashe ba ƙarfin ihu ba ne, mawaƙin ya nemi gurbin da babu kowa ne ya shige.

Mata masu siririyar murya tasu dabarar daban ce. Idan mawaƙiya ta hau can ƙololuwa, tantaninta yakan kaɗa fiye da sau 1,000 cikin sakan, abin da ya wuce inda bakin mai magana yake iya ƙarfafawa. Sai ta sauke muƙamuƙi, ta wangale baki, ta ja leɓɓa kamar mai murmushi, domin sararin ya dace da sautin. Masana a wata jami'a ta birnin Sidni a Ostareliya sun auna wannan, suka buga sakamakonsa a 2004. Sai dai kowace riba da hasararta. Da yake siffar baki ita take bambanta wasali da wasali, idan aka wangale shi sai "i" da "u" duka su karkata wajen "a". Shi ya sa ake jin daɗin muryar amma ba a gane kalmomin.

Kada a ɗauka cewa saukar da maƙogwaro ita kaɗai ce hanya. Mawaƙan zamani da na gargajiya da yawa a duniya sukan ɗaga shi sama ne, su gajarta hanyar, su buɗe baki, sai murya ta fito da kaifi, kalmomi kuma ba su ɓace ba. Yanzu da na'urar asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki, ana iya kallon harshe da hanɗa suna motsi a lokacin da mutum yake tsakar waƙa.

Mai karatu yana iya gwadawa da kansa. Ka ɗora yatsa bisa zakaran wuya, ka haɗiyi miyau, za ka ji ya hau. Ka yi hamma, za ka ji ya sauka. Ka ja "aaa" a kowane hali, ka saurari bambancin.

Wannan ilmi bai tsaya ga mawaƙa ba. Malamin makaranta, ladan, mai shela da mai talla a kasuwa duk da murya suke aiki. Wanda ya dogara ga matse wuya da ihu, tantaninsa sukan riƙa bugun juna da ƙarfi har su yi kanta, murya ta dushe. Ya fi sauƙi mutum ya buɗe baki sosai, ya sassauta wuya, ya yawaita shan ruwa, ya kuma huta idan murya ta gaji. In kuwa dushewar ta wuce mako uku ba ta tafi ba, to, a nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro.