Lotsawar Rufin Soro a Ƙasar Ruma: Gano Ciwon da Gyaransa

A ƙasar Ruma, watau yankin Batsari da Safana, har yanzu akwai tsofaffin soraye da zauruka na ƙasa waɗanda aka rufe da azara. Ciwon da ya fi kashe su shi ne lotsawar rufi, inda tsakiyar soro ke yin kwari sannu a hankali har ranar da zai rufta, galibi cikin ruwan watan Agusta, wani lokaci ma mutane na barci a ciki. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, a sama ake ganin lotsawa, amma ba safai take farawa daga can ba.

Azara dai faskaren giginya ce, kuma magina sun fi son ta namijin giginya saboda tauri da jure gara. Sai dai tana da iyaka. Idan faɗin da za ta ƙetare ya wuce kamar ƙafa 6 ba tare da madogara ba, to za ta fara lanƙwasa. Shi ya sa ake yin tauyi, watau a riƙa turo azaru daga jikin bango hawa-hawa don a rage faɗin, ko a kafa ginshiƙi a tsakiya, ko a ɗaura bakan gizo irin wanda Babban Gwani Mika'ilu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. A kan azara ake shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, sannan a shafe da makuba. Ke nan nauyin rufi yana da hanyar da yake bi: daga ƙasar sama zuwa azara, daga azara zuwa bango ko ginshiƙi, daga nan zuwa tushe. Duk inda hanyar nan ta lalace, rufi sai ya sauko.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Turai da Amurka akwai ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska, waɗanda ake kafa dogon turken da ke riƙe ƙyallen a kan rufin jirgi, a ɗaure shi da igiyoyin ƙarfe masu danna shi ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai ginshiƙi da ke kai nauyin zuwa gindin jirgin. Idan jirgi ya tsufa, ruwa ya shiga katako ya ruɓe, sai rufin ya lotsa, igiyoyin su saki, ƙofar ɗakin jirgi ta ƙi rufuwa. Mai jirgin da bai gane ba sai ya ƙara ɗaure igiyoyi, ya ƙara danna wurin da ya ruɓe.

Mu ma haka muke yi da ƙasa. Mai gida ya hau soro ya ga kwari, sai ya sa a kwaɓa ƙasa a cike shi. Alal misali, a ɗaki mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi, ƙarin ƙasa mai kaurin santimita 5 kacal ya kai nauyin kilo 700 zuwa 800, kamar buhun gero 7 ko 8 ke nan, kafin ma ta sha ruwa. A ganina wannan cikon ya kashe soraye fiye da gara. Shafen siminti a kan rufin ƙasa shi ma bai da amfani, domin yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita.

Binciken daga cikin ɗaki ake fara shi. A ɗaura zare daga bango zuwa bango daf da azara, a auna tazarar da ke tsakiya, a sake aunawa bayan mako biyu. In ta canza, rufin yana kan saukowa, sai a fitar da iyali. Bayan haka a ƙwanƙwasa kowace azara da ƙotar gatari. Mai lafiya tana amsawa da ƙara, wadda ta ruɓe kuwa sai ta yi shiru kamar an bugi buhu. A fi mai da hankali ga kawunan da ke binne cikin bango, musamman kusa da indararo, don nan danshi ke zama. A soka wuƙa, in ta shige ba wuya, magana ta ƙare. In kuwa azaru duk lafiya lau suke amma ƙyaure ya soma cijewa, to a duba gindin ginshiƙi da na bango, wataƙila ruwa ya cinye su ko tushe ya nutse.

Gyaran aikin rani ne. Da farko a tokare rufin da gwafanni, a ɗora kowace a kan katako mai faɗi don kada ta nutse cikin daɓe. Sannan a hau a kwashe ƙasar da ke kan wurin har a iske zana. Sai an rage nauyi ake ɗaga rufi, da kaɗan-kaɗan, ta hanyar buga ƙananan itatuwa a ƙarƙashin gwafa. Azarar da ta shekara da shekaru a lanƙwashe ba ta miƙewa, canza ta ake yi. In ginshiƙi ne ya zauna, a tona gindinsa a jera dutse, abin da ƙasar Ruma ba ta rasa ba. Daga nan a mayar da ƙasa daidai kaurinta na asali, a karkata ta wajen indararo.

Wahalar yanzu ita ce samun azarar kanta, domin giginya ta yi ƙaranci kuma tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Bugu da ƙari, hare-haren 'yan bindiga na 2019 da 2020 sun sa mutanen ƙauyuka da dama a Batsari da Safana sun bar gidajensu, soraye suka sha damina ba mai share indararo. Wanda ya koma irin wannan gida, kada ya kwana a soron sai ya ɗaura zaren nan ya ƙwanƙwasa azaru ɗaya bayan ɗaya.