Shin Ko Kun San? Sararin Samaniya a Ma'aunin Dawanau

A Dawanau, kasuwar hatsin da ke bakin hanyar Kano zuwa Katsina, komai da mudu da buhu ake auna shi. Yau bari mu ari ma'aunin mu auna sama.

Shin ko kun san rana ma tauraruwa ce? Kusancinta ne ya sa ta fi sauran girma a ido. Tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150 ne, kuma haskenta kan yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya sauka a kan gero da dawa. A cikinta, kowace daƙiƙa tan miliyan 600 na iskar haidurojin ke narkewa ya koma hiliyom. Zafin da ke nunar da amfanin gona daga nan yake.

Shin ko kun san Zara matar wata da Gamzaki abu guda ne? In ta fito da magariba a ce Zara, in ta fito da asuba a ce Gamzaki. Kuma duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, hasken rana take aro.

Shin ko kun san 'ya'yan Kaza sun wuce 1,000? Ido kan ƙirga shida ko bakwai a tarin taurarin Kaza da 'Ya'yanta, sauran sai da madubin hangen nesa. Hasken da za ku gani daren yau ya baro su kimanin shekara 440 da suka wuce, wato fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804.

Shin ko kun san farin zanen nan mai kama da ƙura da ke ratsa sama a daren da babu wata taurari ne cunkushe? Garken da ranarmu ke ciki ke nan, mai taurari aƙalla biliyan 100. Buhun gero mai kilo 100 na ɗauke da ƙwaya kimanin miliyan 10. In kowace tauraruwa ƙwaya ce, sai an jibge buhu 10,000.

Shin ko kun san akwai wasu garkunan taurari irin namu, kuma suna nesanta da juna? A 1929 Edwin Hubble na Amurka ya nuna cewa wanda ya fi nisa shi ya fi gudu, sararin na kumbura kamar ƙullin fanke. Da aka bi lissafin baya, masana suka samu shekara biliyan 13.8 daga farawar kumburin.

Shin ko kun san ƙarfen fartanya a cikin taurari aka dafa shi? Taurarin da suka fashe tun kafin a yi duniyarmu su suka watsa shi. Maƙeri ya hura zugazugi ya lanƙwasa, manomi ya saɓa a kafaɗa ya nufi gona.