Ɗan Maraya Jos: Maraya Mai Tsirkiya Ɗaya Da Ya Yi Wa Talaka Waƙa

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a kasuwar Abu Na'ama ko ta Mai Wurno a shekarun da kaset ke tashe, zai tuna wata murya da ke fitowa daga rumfar masu shayi, ga kuma wani ɗan kiɗa siriri yana bin ta. Mu Hausawan gaɓar Shuɗin Nilu, da kakanninmu suka baro ƙasar Hausa tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da yawanmu ba mu taɓa ganin Jos ba, amma mun san muryar Alhaji Adamu Ɗan Maraya kamar ta maƙwabci.

An haife shi a 1946 a Bukuru, kusa da Jos. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu Adamu yana jinjiri, ba a jima ba mahaifiyar ma ta bi shi. Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe, daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi har kabari.

Yana ɗan yaro ya yi tafiya Maiduguri, garin da ke kan hanyar da alhazai suke bi da ƙafa a da zuwa nan Sudan. Makaɗan da ya gani a can suka burge shi, ya haɗa wa kansa kuntigi: gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, da sanda, da tsirkiya guda. Tambur ɗin da muke gani a hannun maƙwabtanmu a nan tsirkiya biyar gare shi, shi kuwa da ɗaya tal ya ishe shi. Ba 'yan amshi, ba ganga, shi ke tsara waƙa, shi ke kiɗa, shi ke rerawa.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne, ɗan makaɗin fada ne, amma waƙar da ta fara fito da shi ta Karen Mota ce, wato yaron nan mai ɗaure kaya da igiya, mai sa waigi a tayar mota, mai kwana ƙarƙashinta idan ta lalace a daji. Wanene a cikinmu kayansa za su tsallaka iyaka ba tare da wannan yaro ba? Sau nawa muka tambayi sunansa?

A Jawabin Aure yakan sauya murya, ya zama miji, ya zama mata, ya baje rikicin cikin gida a faifai. A Gulma Wuya ya nuna yadda tsegumi ke rushe aure da zumunci. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa, daga baya gwamnati ta ba shi lambar girmamawa.

Allah Ya yi masa rasuwa a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Yanzu kaset ya kau, yaranmu kuma Larabci ya fi sauƙi a bakinsu. Duk mai waƙoƙinsa a waya ya daure ya kunna wa 'ya'yansa a rumfa, su ji Hausar kakanninsu. Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.