Dalilan Sauya Mota: Daga Turai Zuwa Kasuwannin Nijar

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Yamai da Maraɗi da Damagaram ba sababbi aka sayo su ba. Kusan kowace ɗaya ta taɓa zama mallakar wani mutum a wata ƙasar waje, kamar Beljiyam ko Jamus ko Faransa, ya hau ta na wasu shekaru, sannan ya rabu da ita. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa wani zai gaji da abin da wani ke shafe shekaru yana tara kuɗi domin ya saya? Wannan takarda za ta bi sawun irin wannan mota daga hannun mai ita na farko har zuwa na ƙarshe, domin ta nuna cewa ba tsufa kaɗai ke sa a rabu da mota ba. Babban dalili shi ne lissafin abin da take ci da abin da take bayarwa, kuma wannan lissafi yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

2.0 Dalilan Mai Mota na Farko

A ƙasashen Turai doka ta tilasta wa mai mota ya riƙa kai ta wurin binciken lafiyarta. A Jamus ana binciken sabuwar mota bayan shekara 3, daga nan kuma sai duk bayan shekara 2. A Faransa, inda aka soma wannan tsari a 1992, binciken farko yakan zo ne kafin mota ta cika shekara 4. Ana duba birki da fitilu da tsatsar gangar jiki da yawan hayaƙin da take fitarwa. Idan ta faɗi, ba za ta ci gaba da hawa titi ba sai an gyara.

A nan ne lissafi yake shigowa. Kuɗin aikin makanike a waɗannan ƙasashe yana da tsada ƙwarai, domin da awa ake biyansa. Motar da ta shekara 12 ko 15 tana iya buƙatar gyaran da kuɗinsa ya fi darajarta a kasuwa, alhali kuwa injinta lafiya lau yake. Saboda haka sai mai ita ya ga gara ya sayar da ita da araha ya sayi wata.

Dalili na biyu shi ne dokokin hayaƙi. Tun daga 2008 wasu biranen Jamus suka soma hana tsofaffin motoci masu yawan hayaƙi shiga tsakiyarsu, birnin Burasel ma ya bi sahu a 2018. Wani lokaci kuma gwamnati da kanta take kwaɗaitar da jama'a. A 2009 gwamnatin Jamus ta riƙa ba da yuro 2,500 ga wanda ya miƙa motarsa mai shekara 9 ko fiye aka murƙushe ta, ya sayi sabuwa. Akwai kuma kamfanoni da ke ɗaukar motoci haya na shekara 3 ko 4, idan wa'adi ya cika su mayar su karɓi wasu. Wato dai mota takan bar hannun mai ita na farko tun da sauran ƙarfinta.

3.0 Hanyar Kwatano

Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu kimanin miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. A Burasel akwai unguwar da ta shahara da wannan ciniki, wato kewayen titin Heyvaert, inda fatake daga Afirka ta Yamma suka daɗe suna zuwa sayayya. Daga can akan ɗora motocin a jirgin ruwa a tashar Antwaf zuwa Kwatano ko Lome.

Harshen Hausa ya adana wannan tarihi. Idan aka ce mota "ƴar Kwatano" ce ko "Beljiyam" ce, ana nufin ta hannu ce da aka shigo da ita daga waje, ba a taɓa hawa ta a gida ba. Sunan tashar da ta sauka da na ƙasar da ta fito sun zama sunan hajar kanta.

Abubuwa biyu suka haɓaka wannan kasuwa. Na farko shi ne faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu da Nijeriya ta shiga a 1986. Na biyu shi ne rage darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Daga nan sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci. Shekaru da dama direbobi sukan tuƙo motoci ayari-ayari daga Kwatano, su bi ta Faraku, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 kafin a kai Yamai. Wasu motocin kuma sukan nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi, daga can su tsallaka Nijeriya.

Wannan hanya ta sha gamuwa da cikas. Nijeriya ta hana shigar da motoci ta kan iyakokinta na ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, ta kuma rufe iyakokin daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar an rufe iyakar Benin, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Duk lokacin da hanya ta ƙara nisa, kuɗin mota da na kayan gyaranta sukan tashi, masu tsofaffin motoci kuma su ƙara riƙe nasu da kyau.

4.0 Abin da Mai Saye Yake Dubawa

A ƙasashen Sahel lissafin Turai yakan juye. Aikin makanike yana da sauƙi, kayan gyara da mai su ne masu tsada. Don haka tambayar farko da mai hankali yake yi kafin ya ba dillali la'ada ita ce: ana samun kayanta a kasuwa? Ta biyu kuma: makaniken unguwa ya san ta?

Tarihin Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, ya isa misali. An soma ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin haɗa motoci na Kaduna kuma ya soma aiki a 1975. An daina ƙera ta a Turai tun 1983, amma aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000. Ta daɗe tana mulki a tashoshin mota saboda cikinta a ɗage yake daga ƙasa, tana jure ramuka, kuma ko a ƙauye ta lalace ba a rasa wanda zai buɗe kafiretarta ya wanke. Da kayanta suka soma wuya, sai jama'a suka karkata ga Toyota, ba don ta fi kyawun gani ba, sai don ƙarancin shan mai da yawan kayan gyara. Irin wannan mota ce kuma ake saurin samun mai saye idan buƙatar kuɗi ta taso.

Sai dai kuma akwai haɗari. Mota takan zo ba tare da tarihin gyaranta ba. Akan tarar an mayar da lambar kilomita baya, ko an rufe tsatsa da fenti, ko ta taɓa yin haɗari aka miƙe ta. Hausawa na cewa araha ba ta ado. Mai saye da ya ruɗu da ƙyalli, bai zo da makanikensa ya saurari inji ya leƙa ƙarƙashi ba, yakan gane kurensa bayan ya biya kuɗin duwan da inshora, lokacin da babu damar mayarwa.

5.0 Dalilan Mai Mota na Biyu

Dalili na farko shi ne yawan zuwa gareji. Motar da aka ƙera domin ƙasar sanyi takan sha wahala a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Lagireto ya tafasa, robobi su bushe su tsage, ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Yau mai rewaya, gobe mai faci, jibi mai gyaran giya. Idan abin da ake kashewa a wata ya soma taɓa kuɗin cefane da na makarantar yara, maigida yakan yanke shawarar sayarwa.

Na biyu shi ne kuɗin mai. Garuruwan kan iyaka sun daɗe suna dogara ga man da ake tsallakowa da shi daga Nijeriya ana sayarwa a kwalabe a bakin titi, ko bayan buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011. Da Nijeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin ƴan kwanaki, abin ya shafi ɓangarorin iyaka biyu. Masu manyan injina da yawa suka nemi ƙananan motoci, wasu ma suka koma kan babur.

Na uku shi ne shigowar motoci masu kwamfuta. Irin waɗannan ba a gane ciwonsu da kunne, sai an jona na'ura. Inda babu mai wannan na'ura, ƙaramar matsalar waya takan sa mota ta yi watanni a ajiye, har mai ita ya haƙura ya sayar da hasara.

Na huɗu ya shafi zamantakewa. Iyali sukan ƙaru, mota mai kujera 5 ta kasa ɗaukarsu zuwa biki ko ta'aziyya. Wani kuma ya sami ƙarin girma a wurin aiki ko ya dawo daga aikin hajji, sai ya ga tsohuwar motarsa ba ta dace da matsayinsa ba. Akwai kuma wanda mota ta zame masa ajiya, kamar yadda saniya take ga makiyayi: idan rashin lafiya ko aurar da ɗiya ko karayar jari ya zo, ita ake fara ɗagawa.

6.0 Zangon Ƙarshe

Motar da ma'aikaci ya sayar ba ta mutu ba. Takan koma tasi a birni. Idan ta gaji da wannan, sai ta koma jigilar ƴan kasuwar ƙauye, a ƙara mata ƙarfen baya domin ta ɗauki buhunan hatsi da awaki. A wannan zango ne rayuka suka fi shiga haɗari, domin birki ya yi rauni, tayoyi sun suɗe, lodi kuma ya wuce kima. Daga ƙarshe sai a farke ta: inji ya tafi niƙa ko ban ruwa, ƙofofi da fitilu su koma kasuwar kayan gyara, gangar jiki kuma maƙera su yi kurfoti da garma da ita.

7.0 Kammalawa

An ga yadda mota ɗaya take ratsa hannuwa uku ko huɗu, kowane da dalilinsa na rabuwa da ita. Baturen da ya sayar ya guji kuɗin makanike da dokar hayaƙi. Ma'aikacin da ya karɓa ya guji kuɗin mai da na kayan gyara. Direban haya kuwa yakan riƙe ta har ranar da kwalliya ta daina biyan kuɗin sabulu. Don haka wanda zai sayi mota ya kamata ya haɗa kuɗin sayenta da na riƙonta na shekara guda, sannan ya tambayi kansa wa zai gyara ta, kuma wa zai saye ta a hannunsa idan ranar rabuwa ta zo.