Ɓera Ya Tona Asirin Rashin Barci Da Ciwon Hanta

Manomin Minjibir bai san ɓera da komai ba sai ɓarna. Da zarar sawu ya ɗauke sai ya auka wa rumbun gero da buhun gyaɗa, gari na wayewa kuma ya faɗa rami ya yi ta sharar barci. To, wannan kiyaye lokaci nasa yana cikin abin da ya sa masana suka mai da shi abin gwaji.

A jikin ɓera ne aka gano, cikin 1972, wani ɗan gurbi a ƙwaƙwalwa mai aiki kamar agogo, wanda hasken da ido ke gani yake saita shi. Daga 1983 kuma Allan Rechtschaffen na Jami'ar Chicago ta Amurka ya shiga hana wa ɓeraye barci. Suka riƙa cin abinci fiye da kima amma suna ramewa, kuma a gwajin da aka bayyana cikin 1989 duk suka mutu tsakanin kwana 11 zuwa 32.

Abin mamakin yana wajen hanta, domin ashe ita ma tana da nata agogon, kuma lokacin cin abinci take bi, ba ruwanta da rana. Cikin 2001 masana a Jami'ar Virginia suka riƙa ba ɓeraye abinci da rana kaɗai, watau lokacin barcinsu. Kwana 2 kacal agogon hanta ya goce da awa 10, na ƙwaƙwalwa kuwa ko motsi bai yi ba. Gida ɗaya ke nan da masu gida biyu, kowa da lokacin da yake ba da umurni. A 2005 Carol Everson ta nuna cewa rashin barci yana rage sinadarin da hanta ke kare kanta da shi daga lalacewa. A ƙasar Meziko kuma aka tilasta wa ɓeraye aikin awa 8 a lokacin hutunsu, sai kitse ya taru a hantarsu, amma waɗanda aka hana wa abinci a waɗannan sa'o'i ɓarnar ta zo musu da sauƙi ƙwarai.

Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma da wuya a sami mai kwana 11 ido biyu. Duk da haka maganar ta shafi maigadin ofis, da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da direban da ke barin Minjibir tun kafin asuba don kai kaya Kano, da ɗalibin da ke raba dare da goro da shayi saboda jarrabawa. Yawancinsu ba su tsaya ga rashin barci ba, har da cika ciki da tsakar dare. Ga shi kuwa hantar mutane da yawa a arewacin Nijeriya dama tana ɗauke da kaya: ƙwayar cutar hanta nau'in B, da dafin fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su ba su bushe ba.